Agogon da ke ƙirga hasken rana: me zai gaya wa mutanen Birik?

Hausawa kan yi wa hantsi kirari da "leƙa gidan kowa". Kirarin ya dace da irin gidajen da aka yi shi a cikinsu, masu zaure da tsakar gida mai faɗi da katangar da ba ta tare sama. A Briqueterie ta Yawunde kuwa, unguwar da muke kira Birik, akwai ɗakunan da hantsi bai taɓa leƙawa ba tun ranar da aka rufa musu kwano. Gida ya jingina da gida, wani lungun mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkata, tsakar gidan da kakanni suka bari an yanka ta an fitar da ɗakunan haya. Sai ka ga mutum ya kunna ƙwan lantarki da ƙarfe goma na safe don ya nemo takalminsa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wasu na'urori da suka fara yawa a hannun mutane, waɗanda ke ƙirga yawan hasken da mutum ya samu a wuni. Tun 2023 kamfanin Apple ya sa wa agogonsa na hannu wani ma'auni da ke nuna minti nawa mai shi ya yi a cikin hasken rana. Akwai kuma wasu ƙanana kamar maɓallin riga da ake maƙalawa a ƙirji, su riƙa aika lissafi zuwa waya. Masu tallarsu na cewa suna taimaka wa mutum ya gyara barcinsa, ya kuma kauce wa damuwar da kan zo da sauyin yanayi. Na ga irin agogon a hannun wani matashi a bakin babban masallaci bayan Juma'a, abokansa na ta yi masa tsiya, wai a Afirka ake neman rana da na'ura. Tsiyar tana da hujja, amma da na bi diddigin maganar sai na ga ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Inda maganar ta samo asali

Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Norman Rosenthal, haifaffen Afirka ta Kudu, ya koma Amurka da zama a 1976. Da hunturu ya shigo, wuni ya gajarta, sai ya ji jikinsa ya mutu, ƙarfin aiki ya ragu, ba ya dawowa daidai sai bazara ta kama. A 1984 shi da abokan aikinsa na cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka suka bayyana abin a matsayin wani nau'in ciwon damuwa mai bin yanayi: yawan barci, kwaɗayin kayan zaƙi da na gari, ƙin shiga mutane, da baƙin cikin da mutum ba zai iya faɗin dalilinsa ba. Maganin da suka gwada shi ne haske. Har yau likitoci a can kan sa mara lafiya ya zauna gaban wata fitila mai ƙarfi kamar minti 30 kowace safiya.

Ciwon ya fi yawa a inda rana ke ƙaranci da hunturu. A Paris wunin ƙarshen Disamba bai wuce awa takwas da 'yan mintoci ba. A Tromso ta ƙasar Norwe rana ba ta fitowa sam tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane da ke karatu ko neman kuɗi a Faransa, Jamus ko Kanada ya kamata ya riƙe wannan. Idan yaro ya kira a watan Disamba yana cewa ba ya jin daɗin komai, ba ya iya tashi, kada a yi saurin cewa lalaci ne ko kewar tuwon gida. Ana iya ce masa ya ga likita, domin a can sun san abin, kuma yana jin magani.

Mu a nan ba mu da wannan gajeren wuni. Yawunde na kusa da tsakiyar duniya, wuninmu awa 12 ne kusan kullum, bambancin Yuni da Disamba bai kai rabin awa ba. Shi ya sa jadawalin sallolinmu ba ya motsi sosai duk shekara. To ina ruwanmu?

Ido yana wani aiki bayan gani

A 2002 masu bincike, cikinsu har da David Berson na Jami'ar Brown a Amurka, suka tabbatar da cewa a bayan ido akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan waɗanda aikinsu auna ƙarfin haske ne kawai. Su ke kai labari ga wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa da ke riƙe da agogon jiki, wato abin da ke tsara lokacin jin barci, lokacin farkawa, zafin jiki, yunwa da sauransu. Idan duhu ya yi, jiki kan saki wani sinadari mai suna melatonin da ke shirya mutum ga barci. Haske mai ƙarfi da dare na danne shi. Hasken safe kuma na saita agogon, kamar yadda ake saita agogon bango da kiran salla. Darajar wannan fanni ta kai har an ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta likitanci a 2017 saboda gano yadda agogon ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Matsalar ita ce ido na ruɗin mai shi. Yana sabawa da duk hasken da ya tarar, sai ɗaki mai ƙwai ɗaya ya zame maka kamar yana da haske sosai. Ana auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. Falon gida da dare kan kasance tsakanin 50 zuwa 200. Ofis mai kyakkyawar fitila, 300 zuwa 500. A waje kuwa, ko ranar da hadari ya rufe sama, lissafin kan haura 1,000. A inuwar bishiya ranar da gari ya waye tas yana iya wuce 10,000, tsakar rana kuma ya doshi 100,000. Fitilar da likitocin Turai ke magani da ita 10,000 ce. Ma'ana, abin da suke saye da kuɗi yana nan a ƙofar gidanmu kyauta.

Na sauke wata manhajar auna haske a wayata, na yi kwana biyu ina zagawa da ita. Waya ba ta kai na'urar masana daidaito ba, amma ta isa nuna bambanci. A can ƙuryar shagon telan da ke mini ɗinki, inda yaransa uku ke zaune, lambar ba ta kai 100 ba da ƙarfe sha ɗaya na safe. Da na taka taku biyar zuwa bakin titi sai ta koma dubbai, alhali sama a lulluɓe take. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce: "Malam, ai mu sai Juma'a muke gaisawa da rana. In Salla ta matso kuwa, ko ita Juma'ar a guje muke zuwa mu dawo."

Abin da na'urorin suka gano

Amfanin waɗannan na'urori na gaske ya fito ne a wurin bincike. A Birtaniya an ɗaura wa mutane kusan 87,000 wata na'urar hannu mai auna haske na tsawon mako guda, a ƙarƙashin babban shirin nan na UK Biobank. Masana daga Jami'ar Monash ta Ostireliya suka tace bayanan, suka fitar da sakamako a 2023. Waɗanda suka fi kowa shan haske da dare, haɗarin ciwon damuwa a wurinsu ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Waɗanda suka fi samun haske da rana kuma ya ragu da kusan kashi 20. A 2024 wani nazari a kan bayanan ya nuna masu kwana cikin haske sun fi kamuwa da ciwon sukari daga baya.

Sai dai a yi hattara wajen karanta irin wannan lissafi. Mutanen da aka auna Turawa ne akasari, kuma manya ne masu shekaru. Sannan wanda damuwa ta riga ta kama ba ya son fita, ba ya kuma samun barci, don haka wani ɓangare na alaƙar daga ciwon ne zuwa duhun. Amma akwai gwaje-gwajen da suka nuna hasken da kansa yana aiki. A 2013 wani masani a Jami'ar Colorado, Kenneth Wright, ya kai mutum takwas daji suka yi mako guda a tanti, babu lantarki babu waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo, agogon jikinsu ya matso gaba da kusan awa biyu, masu raba dare sun koma barci da wuri. Wannan rayuwar da suka je nema a daji ita ce kakanninmu suka yi a ƙauye.

A 2022 wasu masana suka haɗu suka ba da shawara a taƙaice: da rana ido ya samu aƙalla 250 a ma'aunin da ke la'akari da irin hasken da waɗancan ƙwayoyin ido suka fi ji, awa uku kafin kwanciya kada ya wuce 10, lokacin barci kuma kada ya wuce 1. Rana mai haske, dare mai duhu ke nan. Mu kuwa a Birik da yawanmu mun juya abin: wuni a dishi-dishi, dare a gaban farin ƙwai da talabijin da waya.

Yawunde ba Garwa ba ce

Akwai kuma batun gajimare. Yawunde na samun rana tsirara ta awa 1,600 da 'yan kai a shekara. Ngaundere na samun kusan 2,500, Garwa kuma kusan 2,900. Abin mamaki, watannin Yuli da Agusta, da ake kira ƙaramin rani saboda ruwa kan ɗan tsagaita, su ne mafi ƙarancin rana a nan. A Agusta gaba ɗaya ba a cika samun awa 100 ba. Sama ta yi fari fat, gari ya yi sanyi, wanki ya kwana biyu a igiya. Daga nan sai manyan ruwan Satumba da Oktoba su ɗora.

Gwaggona ta zo daga Garwa jinyar ƙafa a irin wannan lokaci, ta biyo jirgin ƙasa daga Ngaundere. Aka ba ta ɗakin da ya fi kowanne rufin asiri a gidan, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Bayan mako biyu ta daina hira, abinci sai an matsa mata, da rana gyangyaɗi, da dare ido biyu. Wata safiya ta ce mini: "Ɗan nan, wai garin nan naku rana ba ta fitowa ne, ko ni ce ba a nuna mini ita?" Muka fara fitar mata da kujera ƙofar gida bayan karin kumallo, inda mata masu wucewa ke tsayawa su gaishe ta. Cikin 'yan kwanaki barcinta ya daidaita, bakinta ya buɗe. Hasken ne ko gaisuwar mutanen, ko duka biyun, oho. Abin da na riƙe shi ne, a Garwa ba ta taɓa wuni a ɗaki ba, mu ne muka rufe ta da sunan kulawa.

Gajimare ba ya hana samun isasshen haske, tunda ko a ranar da ta fi duhu waje ya ninka ɗaki sau da yawa. Abin da yake yi shi ne korar mutane zuwa ciki. Shi ya sa damuwar damina, in akwai ta a wurinmu, ta fi alaƙa da zaman ɗaki.

Su wa abin ya fi shafa

Na farko su ne matan gida. A arewa, matar da ba ta fita tana da tsakar gida: a nan take daka, take girki, take shanya, take kitso. Tana cikin sutura, kuma tana cikin haske. A gidajen haya na Birik tsakar gidan ta zama siririn lungu, wani wurin ma an rufe shi da kwano ko leda saboda ruwa. Mace na iya kwana uku ba ta ga sama ba. In ta ce jikinta ba ƙarfi, ko ranta a ɓace ba dalili, sai a ce maleriya ce, ko a fara zancen sammu da iska. Mai jego da aka killace kwana arba'in a ɗaki mai labule biyu ta fi kowa shiga wannan hali.

Na biyu, masu sana'ar cikin shago: teloli, masu surfani, masu sayar da yadi da atamfa waɗanda kayan da suka rataya ke tare ƙofa. Na uku, masu aikin dare. Birik ta yi suna da soya da kilishi, duk Yawunde nan ake zuwa ci, kuma masu wannan sana'a da masu shayi kan kai tsakar dare a ƙarƙashin fitila, su kwanta lokacin da ya kamata su sha hantsi. Cikin azumi kusan unguwar gaba ɗaya kan koma haka.

Sai yara. Daga aji zuwa islamiyya, daga islamiyya zuwa gaban waya. Binciken likitocin ido ya nuna zama a waje na rage wa yara haɗarin rashin ganin nesa, har Taiwan ta shigar da awa biyu a waje kowace rana cikin tsarin makarantunta tun 2010. Wannan ma na cikin dalilan da Apple ya bayar lokacin da ya fito da nasa ma'aunin.

Kada a haɗa wannan da batun bitamin D, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Shi ta fata ake samunsa, gilashin taga na tare hasken da ke samar da shi, kuma mai baƙar fata na buƙatar lokaci fiye da mai fara. Agogon jiki kuwa ta ido yake karɓar saƙo. Mace da hijabinta da safarta, in ta zauna a inda take ganin sama, agogon jikinta ya samu abin da yake so.

A saya ko kada a saya?

Agogon Apple mafi araha, sabo, ya haura jaka 100 na sefa, kuma sai da wayar iPhone yake aiki. Ban da tsada, yana da wata matsala da ta shafe mu musamman: ɗan idon da ke auna hasken a fuskar agogon yake, hannun jallabiya ko babbar riga ko hijabi na rufe shi. Mutum zai wuni a kasuwar Mokolo, agogo ya ce bai fita ba. Kuma abin da ya sauka a wuyan hannu daban yake da abin da ya shiga ido, dalilin da ya sa wasu masu bincike suka fi son na maƙalawa a ƙirji. Akwai kuma tambayar inda bayanan barcinka da zirga-zirgarka ke tafiya bayan sun bar wayarka.

Wanda ke da hali, kuma lamba ke zaburar da shi, ba laifi ya saya. Amma na'urar ba ta ba da haske, ƙirgawa kawai take yi. Mu kuwa muna da namu ma'aunin tun da daɗewa. Dubi yadda harshenmu ya yanka wuni: asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye suna kallon sama ne. Tsofaffinmu na shan hantsi a jikin katanga da sanyin safiya, suna ƙailula bayan azahar, malamai kuma sun daɗe suna hana dogon surutu bayan lisha. Duk wanda ya riƙe wannan tsari ya cika yawancin abin da masanan 2022 suka nema.

Abin da za a iya yi tun gobe

Bayan gari ya waye, a samu minti 20 zuwa 30 a waje. Ranar hadari a ƙara. Ba sai an tsaya cikin rana ba, inuwa ma ta wadatar, kuma kada a kalli ƙwayar rana. Zabiya da masu ciwon ido su nemi inuwa da hula, domin ranar tsakiyar duniya ba ta wasa da fata. Mai shago ya jawo keken ɗinki ko teburinsa kusa da ƙofa, yaran shago su riƙa musayar wuri. Azahar da la'asar a taka zuwa masallaci. Maigida ya tabbatar iyalinsa na da inda za su zauna su ga sama, ko baranda ce, ko bayan gida, ko ziyarar 'yan uwa da hantsi maimakon bayan magariba. Tsoho da mara lafiya a ba su ɗakin da ya fi haske, a ɗaga labule da safe.

Da dare kuma a rage. Farin ƙwai mai ƙarfi ya dace da shago, ɗakin kwana ya fi son mai ja-ja mara ƙarfi. A ajiye waya kafin a hau gado, a kashe fitila, yara ma a saba musu da duhu ko ɗan haske kaɗan a ƙasa. Mai aikin dare ya duhunta ɗakinsa sosai in zai yi barcin safe, ya kuma nemi rabonsa na haske da la'asar kafin ya hura wuta.

Masu gidajen haya su ma suna da nasu. Kafin a toshe ragowar tsakar gida don ƙarin ɗaki ɗaya, a tuna mutane ne za su zauna a ciki. In rufin ya zama dole, falle ɗaya ko biyu na kwanon roba mai shigar da haske ba zai karya aljihu ba, zai ma rage kuɗin wuta.

Idan kuma baƙin ciki ya wuce mako biyu, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, to hantsi kaɗai ba zai isa ba. A haɗa addu'a da zuwa asibiti. Asibitin Jamot da ke nan Yawunde na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Ita ma fitilar magani da ake tallatawa a intanet kada a saya a yi amfani da ita ba da shawarar likita ba, don akwai masu wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa da take tayar wa da shi. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.